Manhajar da ba ta taɓa bashin Alhaji ba

Wani babban ɗan kasuwa mai kayan masarufi a kasuwar Singa ta Kano ya ba mu aikin gina masa manhaja. Da muka tambaye shi abin da yake so, sai ya jero mana abubuwa 14: lissafin kayan sito, rasit, hotunan kaya, har da shafin intanet. Muka sa wa kowanne ranar kammalawa, muka duƙufa. Ba mu tambaye shi abin da ke hana shi barci ba.

Bayan wata uku mun miƙa bakwai, duk suna aiki lafiya lau. Alhaji ya duba, ya jawo littafin bashi daga aljihun tebur ya ce, "To, wannan fa?" Ashe damuwarsa kuɗin da suka maƙale a hannun masu shaguna ce, waɗanda ke ɗaukar sukari da taliya da man girki su ce sai sun sayar.

Muka koma farko. A saman takarda muka rubuta buri guda, da adadi da lokaci: kafin azumi, bashin da ya haura kwana 30 ya ragu da rabi. Kowane aiki sai ya amsa tambaya uku: ta yaya zai rage bashin, wa zai riƙa amfani da shi kullum, da me za a auna shi. Hotunan kaya da shafin intanet suka faɗi nan take. Uku suka tsira: shafin kowane mai bashi da ranar da ya ɗauki kaya, saƙon tuni ta waya a kwana na 21, da iyakar bashi wadda in an kai ta, kaya ba sa fita sai da izinin Alhaji.

Na ukun ne ya fi ba mu wahala. Alhaji da kansa ke ɗage iyakar, don mai roƙon suruki ne ko abokin sahu a masallaci, kuma ba injiniyan da zai gyara kunya. Sai muka sa manhajar ta tara duk ɗagawar da ya yi, ta nuna masa jimillar kuɗin kowace Asabar.

Yaran shago kuma suka ci gaba da rubutu a littafi, domin sabis na yawan ɗaukewa a cikin sito. Laifinmu ne, da mai gida kaɗai muka yi shawara. Dole muka sa manhajar ta riƙa adana bayanai a waya har sabis ya dawo, aikin da ya ci mana mako uku da babu su a jadawali.