Kan jirgin da ya buɗe mini baki a Shildon

Wata uku na yi a Shildon, wani ɗan gari a arewacin Ingila, ba ni da abokin hira. Aikina kula da tsofaffi ne. In na yi gaisuwa irin tamu, ina tambayar gajiya da iyali, sai a yi mini murmushi a wuce. Ga sanyi, ga duhu tun ƙarfe huɗu na yamma.

Cikin waɗanda nake kula da su akwai wani dattijo, a raina Baba nake ce masa. Ya yi aiki a masana'antar taragu ta garin har aka rufe ta a 1984. Ba ya magana. Wata rana ina gyara masa gado na ga hoton wani tsohon kan jirgi a bango, sai bakina ya suɓuce na ce kakana ma ɗan reluwe ne a Zariya. Ai kuwa sai ya miƙe zaune.

Sunan kan jirgin Locomotion. Kamfanin Robert Stephenson ne ya ƙera shi a Newcastle, kuma shi ya ja jirgin buɗe layin Stockton da Darlington ranar 27 ga Satumba, 1825, mutane sun cika taragun kwal maƙil. Ƙannensa uku suka biyo baya: Hope, Black Diamond da Diligence. Baba ya ɗauki kofin shayi da cokali biyu yana kwatanta mini: silinda biyu a tsaye, an nutsa su cikin tukunyar ruwan ta sama, sanduna na hawa da sauka suna juya ƙafafu huɗu, an haɗa na gaba da na baya da sandan ƙarfe don su ja tare. Aibinsa, bututu ɗaya ne tak wuta ke bi ta cikin ruwan, don haka zafi da yawa ta bututun hayaƙi yake tserewa, ga cin kwal. Wani kan jirgin kuwa mai suna Rocket, na 1829, bututu 25 aka saka masa. A 1828 kuma tukunyar Locomotion ta fashe, direban ya rasu. Baba ya faɗi wannan kamar jiya abin ya faru.

Ranar hutuna na taka zuwa gidan tarihin jiragen ƙasa na garin, shiga kyauta. Da na ga Locomotion a can, gaskiya na zaci ya fi haka girma. Na daɗe ina kallon faɗin layin, don Baba ya ce daga nan ma'aunin ya bazu duniya. Shi ne na jirgin Abuja zuwa Kaduna. Tsohon layin da kakana ya yi wa aiki ya fi shi ƙunci.

Yanzu in na shiga ɗakinsa da safe, kafin in ce komai, shi ke tambayata labarin Zariya, duk da har yau bai iya faɗin sunan daidai ba.