Kyautar Kirsimeti ga jariri: abin da za a saya da abin da za a bari a kasuwa

Da Disamba ta kama, hunturu ya fara busawa, kasuwannin Jos da Kaduna da Kafanchan sukan cika da kayan yara: riguna masu ƙyalli, huluna ja da fari, motocin roba masu wuta da kiɗa. A gidan da aka yi haihuwa cikin shekarar kuwa, kowa yana so a ga hannunsa. Kawu da gwaggo da kaka, matan zumunta na coci, har maƙwabta Musulmi da suka zo suna, duk suna tunanin abin da za su kai wa jariri a Kirsimetinsa na farko. Sai dai yawancin abin da ke ɗaukar idon babba a kasuwa ba ya tsinana wa ɗan wata huɗu komai, wasu ma sukan kai shi asibiti.

Kafin ka taɓa aljihu, ka tambayi uwar abu biyu: watansa nawa, kuma kilo nawa aka ce ya yi a awon ƙarshe? Yana rubuce a katin asibiti. Nauyin jariri yakan ninka na haihuwa wajen wata biyar, ya ninka sau uku idan ya shekara. Rigar da ta yi wa ɗan wata biyu daidai yau, kafin ƙarshen Janairu ta matse shi.

A kan kayan sawa akwai dabarar da mutane da yawa ba sa lura da ita. An saba cewa a sayo babba don ya girma a ciki, kuma haka ne ga singileti da riguna marasa nauyi na auduga. Amma rigar sanyi a saye ta daidai jikinsa na yanzu. Idan ka sayo mai girma, lokacin da za ta zauna masa Maris ya shigo, zafi ya sauko, sai ta ƙare a ƙasan akwati. Mai sayen gwanjo a kasuwar Katako ta Jos ko Kasuwar Barci ta Kaduna zai ga lambobi a wuyan riga irin 62, 68, 74, 80. Tsawon yaro ne a santimita: 62 na ɗan wajen wata uku ne, 68 wata shida, 74 wata tara, 80 shekara guda.

Ka juya rigar ka duba cikinta. Ɗinki mai kaushi da leshi mai ƙaiƙayi suna goge fatar da hunturu ya riga ya busar. Ka ja kowane maɓalli da kowane dutsen ado da yatsa biyu, da ƙarfi; idan ya motsa a hannunka, zai fita a bakinsa. Rigar da ake ɓallewa ta gaba ko ta ƙasan cinya ta fi wadda ake cusa kai, domin uwa takan canza nafkin sau takwas zuwa goma a yini a watannin farko, kuma ba ta son tuɓe yaro tsirara cikin sanyin asuba. Safa ma a juya ta a yanke zaren da ke lilo a ciki. Zare ɗaya ko silin gashi yana iya naɗe ɗan yatsan ƙafa ya hana jini gudu, yaro ya yi ta tsala kuka ba a san dalili ba. Takalmi mai tauri kuwa a bar shi sai ya fara takawa.

Sabo ne ko gwanjo, a wanke da sabulu marar ƙamshi, a ɗauraye sosai, a shanya a rana, a goge kafin a naɗe. Kuma don Allah kada a ajiye kayan jariri da ƙwallayen kafur ɗin nan farare da ake jefawa cikin akwati saboda kyankyasai. Yara da yawa a ƙasar nan, musamman maza, ana haifarsu da ƙarancin wani sinadarin jini da likitoci ke kira G6PD, kuma iyaye ba su sani ba. Warin kafur da ya kama riga ya isa ya farfasa musu jajayen ƙwayoyin jini, shawara ta taso, ido da fata su yi rawaya. Idan ta yi tsanani ga sabon haihuwa tana taɓa ƙwaƙwalwa, kuma wannan lahanin ba ya gyaruwa.

Sanyin Jos da Pankshin a ƙarshen shekara ba wasa ba ne, shi ya sa bargo da filo da ƙatuwar 'yar tsana mai gashi suke saurin zuwa a rai. Wurin kwanan yaron da bai shekara ba ana son sa fayau: katifa mai ɗan tauri, zanen gado a ɗame, shi kuma a kwance rigingine. Filo da bargo mai kauri da 'yar tsana suna iya rufe masa hanci alhali bai da ƙarfin ture su. Abin da ya fi shi ne rigar barci mai haɗe da ƙafa, ko riguna marasa nauyi biyu da za a ɗora ɗaya kan ɗaya, a cire idan rana ta ɗaga. Don a gane ko ya ji ɗumi, a taɓa ƙeyarsa ko ƙirjinsa, ba tafin hannu ba, domin hannun jariri kullum da ɗan sanyi yake. Idan ƙeya ta yi gumi, kaya sun yi yawa. Hula ta fita waje ce, a cire ta idan zai yi barci a ɗaki. Gidan sauro mai magani kuma kyauta ce ta gaske ko da sauro ya ragu da hunturu. A shanya sabo a inuwa kwana guda kafin a ɗaura.

Kayan wasa su bi watanni. Sabon haihuwa ba ya gani sosai fiye da santimita 20 zuwa 30, wato tsakanin ƙirjin uwarsa da fuskarta, kuma baƙi da fari ko launi mai ƙarfi ne ke jan idonsa. Ba ya bukatar abin wasa tukuna. Daga wata uku zuwa huɗu yake fara miƙa hannu ya damƙa, a nan kacau-kacau marar nauyi yake da amfani, wanda aka yi a dunƙule ba mai rabewa biyu tsakuwoyin ciki su zube ba. Wajen wata shida ya fara zama, dasashi na ƙaiƙayi, komai sai baki: zoben roba na cizo, ƙwallon tsumma, littafin tsumma ko na kwali mai kauri. Daga wata tara yana rarrafe, yana tsintar ƙaramin abu da babban yatsa da manuni, yana son sakawa da fitarwa. Kofunan roba masu shiga cikin juna sun ishe shi aikin yini. Ƙaramar ƙwarya mai santsi da ludayi ma suna yin wannan aikin.

Duk abin wasan da ka ɗauka, akwai gwajin da za ka yi masa tun a gaban mai shago. A Amurka da Turai, ma'aunin da ake gwada kayan yara 'yan ƙasa da shekara uku wani ɗan bututu ne mai faɗin santimita 3 da ɗan ɗoriya. Abin da ya shige ciki gaba ɗaya yana iya toshe maƙogwaro. A gida, kwalin tsakiyar tishu yana yin wannan aikin, kuma da yake ya ɗan fi faɗi, ya fi tsaro. Abin wasan, ko wani ɓangarensa da zai iya cirewa, tayar mota ce ko idon 'yar tsana ko ƙararrawa, in ya wuce ta cikin kwalin, a mayar wa mai shi. Igiya ko kirtani da ya wuce taƙi ɗaya, kamar santimita 20, yana iya zagaye wuya. Ka kankare fenti da farce. Idan ya ɓare, zai ɓare a baki, kuma fentin da ba a san asalinsa ba yana iya ɗauke da dalma, gubar da ke daƙushe ƙwaƙwalwar yaro. Mai kiɗa kuma ka kara shi a kunnenka. Idan ya dame ka, ya fi ƙarfin kunnen jariri, wanda shi a jikin fuskarsa zai riƙe.

Abin da ya fi tayar mana da hankali a kayan Kirsimeti shi ne ɗan batir mai kama da kwabo. Yana cikin hula mai walƙiya, katin gaisuwa mai waƙa, takalmi mai wuta, ƙananan fitilun ado, har da makullin mota. Mai faɗin santimita 2, irin wanda aka rubuta wa CR2032, shi ne ya fi maƙalewa a hanyar abinci. Da ya haɗu da yawu sai wutar da ke cikinsa ta haifar da sinadari mai cin nama, kuma cikin awa biyu yana iya ƙona wurin. Batirin da ya daina kunna abin wasa ma yana da sauran ƙarfin yin wannan ɓarna. Alamun suna ruɗarwa: dalalar yawu, ƙin nono, tari, amai, kamar mura ce kawai. Idan ana zaton yaro ya haɗiye, ba a sa shi amai, ba a ɗura masa manja ko madara, ba a jira safiya. A tafi asibitin da ke ɗaukar hoto nan take, a gaya musu batir ne. Ƙa'idar saye mai sauƙi ce: idan murfin batir ba da kusa mai murɗawa aka ɗaure shi ba, kada a saya. Haka ƙananan maganaɗisu. Guda biyu a ciki suna manne wa juna ta bangon hanji har su huda shi.

Keken koyon tafiya na zama, mai tayoyi a zagaye, kyauta ce da kawunnai ke so saboda girmanta. Ba ya sa yaro saurin fara tafiya, domin a kan 'yan yatsu yake turawa maimakon ya koyi tsayuwa da tafin ƙafa. Yana kuma ba shi gudu da tsawon da hankalinsa bai kai ba. A tsakar gidan da ake suyar nama da cincin ranar jajibere, ga murhu, ga kaskon mai, ga bokitin ruwa, ga dakali, daƙiƙa biyu sun isa. Kanada ta haramta sayar da shi tun 2004. Shimfiɗa mai kauri da ake iya wankewa, wadda zai yi birgima da rarrafe a kai, ta fi masa.

Kwandon kayan shafa ma a tace shi. Fatar jariri da hunturu man kaɗanya mai tsabta ko basilin marar ƙamshi take so, a shafa bayan wanka tun jiki da ɗan laima. Hoda tana tashi ya shaƙa, mai mantaleta kuma ba ta dace da sabon haihuwa ba. Turare a bar wa uwa. Kwalli na dutse sau da yawa dalma ce a cikinsa. Zuma, duk da albarkarta, ba a ba wa wanda bai shekara ba, saboda ƙwayar cutar da hanjinsa bai iya yaƙa ba tukuna. Magani kowane iri ba kyauta ba ne, musamman na fitar haƙori. Iyaye da yawa ba su manta da My Pikin ba, maganin haƙorin da ya gurɓata da guba ya kashe yara 84 a Najeriya tsakanin ƙarshen 2008 da farkon 2009. Sabulu ko mai, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

Idan ka tambayi masu jego abin da suka fi jin daɗinsa, amsar ba ta da ƙyalli. Zanen goyo mai ƙwari da majanyi, domin ɗaya kullum yana kan igiyar shanya. Turmin atamfa yadi shida yana fitar da zane uku. Famfas daidai kilon yaro, ko lamba ɗaya sama, don kada ya wuce shi kafin a buɗe; ko dozin ɗin nafkin da sabulun wanki da bokiti mai murfi. Tawul mai laushi guda biyu. Ma'aunin zafin jiki, tare da bayanin cewa zafin digiri 38 ga yaron da bai kai wata uku ba na asibiti ne a ranar. Ma'aunin ma da ɗan batir a ciki, a ajiye shi sama. Ga ɗan wata shida da zai fara kunu, ƙaramin kofi da cokali da kwano sun fi fida, wadda wankinta ke da wuya kuma take jawo gudawa. Kafin wata shida nono kaɗai ya ishe shi, ko ruwa ba ya bukata, saboda haka mudun gero da gyaɗa da waken suya na kunun uwa kyautar jariri ce kai tsaye. Kuɗi a ambulan ma ba abin kunya ba ne. Ana iya cewa na motar zuwa rigakafi ne, na sati shida da goma da sha huɗu, ko na wata tara da ake yin allurar ƙyanda da ta zazzaɓin shawara.

Ranar kanta, bayan an taso daga sujada gida ya cika, a sa mutum ɗaya ya kwashe leda da kirtani da takardar naɗi da zarar an buɗe kyauta, domin mai rarrafe su zai nufa kafin abin wasan. Balan-balan da ya fashe a tsince guntayensa duka. Roba ce mai manne wa maƙogwaro, fitar da ita da wuya. Farantin gyaɗa da gugguru da cincin da alewa ya hau kan tebur, a kuma ja kunnen yayyensa kada su sammasa. Kayan wasan manyan yara, masu ƙananan tayoyi da harsashin roba, a ware musu wani ɗaki. Idan samari suka fara fasa nokawut a layi da yamma, a shige da shi ciki a rufe taga.