Yadda na ciro famit ɗin gyaran besment a Minnesota, da maganar alam ɗin kabon monoksaid

Duk wanda ya sayi gida a nan Minnesota cikin 'yan uwanmu, ko ba daɗe ko ba jima sai ya fara kallon besment ɗinsa, wato ɓangaren gidan da ke ƙarƙashin ƙasa, yana lissafin yadda zai fitar da ɗaki a ciki, don baƙi ba sa yankewa. Ni ƙanin matata ne ya samu makaranta zai zauna da mu, na ce toh bari a yi masa ɗaki a ƙasa. Wani abokina ya ce haba Malam, kar ka jawo wa kanka hukuma, ka samo mai aiki ya buga katako ya rufe kawai, wa zai sani? Ban bi shawararsa ba, kuma wallahi har yau ina gode wa Allah da ban bi ba.

Ciro famit ɗin kansa, wato takardar izinin yin aikin daga hukuma, ba wani abin tsoro ba ne, ta intanet na yi komai ina zaune a falo. Ka shiga shafin ƙaramar hukumar garinku ka buɗe akawun, ka sa adireshin gida, ka zaɓi irin aikin, ka nuna kai ne mai gidan kuma a ciki kake zaune, sai su tambaye ka kimanin nawa aikin zai ci don da shi suke lissafa kuɗin da za ka biya, ka ɗora zanen ɗakin ka biya da kati. Zanen ma da hannu na yi da rula da fensir na ɗauki hotonsa, suka karɓa. Famit ɗin aikin wutar lantarki daban ake cirowa, wannan a kula. Taga kuma dole ta zama wadda mutum zai iya fita ta ciki in gobara ta tashi, kada tsayin bakinta daga daɓen ɗakin ya wuce inci 44, kuma kafin ka haƙa ramin tagar sai ka kira 811 sun zo sun yi maka alamar inda bututun gas da wayoyi suka bi.

Da suka duba zanen sai suka dawo mini da shi da tambaya ɗaya, ina za ka sa alam ɗin hayaƙi, ina za ka sa na kabon monoksaid? Nan ne na zauna na karanta dokar sosai. A Minnesota doka ta ce dole a samu alam ɗin kabon monoksaid a cikin tazarar ƙafa 10, kamar mita 3 ke nan, daga duk ɗakin da ake kwana. Sababbin gidaje ta hau kansu tun 2007, tsofaffin gidaje na iyali ɗaya kuma daga Agusta 2008. Wato wanda ke sama kusa da ɗakunanmu ba zai wadatar wa yaron da zai kwana a ƙasa ba, ga shi kuma injin ɗumama gida da hitar ruwa duk a besment suke, duk da gas suke aiki, bango ɗaya ne tsakaninsu da gadonsa. Da na tsaya a wajen na kalli tazarar sai da gabana ya faɗi.

Ita kabon monoksaid iska ce mai guba, ba ta da wari ba ta da launi, ba ka ganinta ba ka jin ta. Duk abin da ke cin gas ko fetur ko itace ko gawayi, in bai samu isasshiyar iska ya ƙone da kyau ba to ita yake fitarwa. In ta shiga jini tana kama jajayen ƙwayoyin jini fiye da iskar da muke shaƙa sau sama da 200, sai mutum ya fara ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala, ya ɗauka mura ce ta sanyi ya ƙara jan bargo, wanda ke barci kuwa ba ma ya farkawa. Hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka a Amurka ta ce sama da mutum 400 ke mutuwa ta wannan hanya duk shekara a Amurka, ban da na gobara. Mu da muka taso a gida ai ba baƙon labari ba ne, sau nawa muka ji an wayi gari iyali guda sun rasu saboda an shigar da janareta cikin gida don tsoron ɓarayi, ko an kwana da kaskon gawayi a ɗaki a rufe lokacin hunturu, a ce hayaƙi ne. Ita ce dai wannan ɗin.

Ranar dubawa ta ƙarshe sufeton ya zo da awonsa, ya auna daga ƙofar ɗakin zuwa inda na kafa alam ɗin, ya danna maɓallin gwaji ya tsaya yana saurare ko na sama ma za su amsa, suka ɗauka gaba ɗaya gidan ya cika da ƙara. Sannan ya ciro tsohon na sama ya juya bayansa ya nuna mini kwanan watan da aka ƙera shi, ya ce wannan ya gama aikinsa ko da fitilarsa na ci. Suna lalacewa ne tsakanin shekara 5 zuwa 10 gwargwadon irinsu, canza batir ba ya gyara wannan. Ya ce in nemi mai tambarin UL 2034, wato shaidar cewa an gwada ingancinsa. Kuma ba nan take yake kuka ba, an tsara shi ne in iskar ta kai kashi 70 cikin miliyan ya yi ƙara tsakanin awa 1 zuwa 4, in ta kai 400 kuwa cikin minti 4 zuwa 15, don haka duk lokacin da ya yi kuka abin ya riga ya taru, ba lokacin tsayawa neman dalili ba ne.

Daga nan muka canza wasu abubuwa a gida. Uwargida ba ta wasa da turaren wuta, amma gidajen nan a toshe suke ruf lokacin sanyi, ba kamar namu masu tsakar gida ba, sai ta koma bona, wato kaskon turare na lantarki, ta ajiye gawayi. Na daina tayar da mota a gareji don ta yi ɗumi ko da ƙofar a buɗe take. In ƙanƙara ta zuba da yawa kuma kafin in share hanyar mota sai na zagaya gefen gida na tone bakin fararen bututun da injin ɗumama ke fitar da hayaƙinsa, don in suka toshe komawa ciki yake yi. Janareta in wuta ta ɗauke, ƙafa 20 nesa da gida, ba a gareji ba.

Abin da ke damuna shi ne na san gidaje da yawa na mutanenmu da aka yi ɗaki a besment a ɓoye, ana kwantar da ɗalibai ko iyaye a ciki, ba taga ba alam. Don Allah ko ba za ka ciro famit yau ba, ka sayi alam ɗin ka kafa kusa da ƙofar ɗakin, bai kai kuɗin cefanen mako ba. Ka koya wa yara bambancin kukan: ƙara uku a jere hayaƙi ne, ƙara huɗu kabon monoksaid ne, in sun ji kowa ya fita waje a ƙirga kai, sannan a kira 911 daga can, kada kowa ya koma ciki sai 'yan kwana-kwana sun auna iskar sun ce a shiga.