Laraba, 30 ga Oktoba, 2024: ita ta canza ko kai?

Jiya bayan isha'i na cinye rabin datar da na saya wajen kallon sabuwar kwamfutar Mac mini da Apple suka sanar. 'Yar mitsitsiya, inci 5 ta kowane gefe, ba ta kai kwanon rufin Inna ba. M4 a ciki, RAM 16GB, dala 599. Maɓallin kunnawa kuwa a ƙarƙashinta suka sa shi, sai ka ɗaga ta kamar mai duba ko kaza ta yi ƙwai. Na yi ta dariya ni kaɗai har Hauwa ta leƙo ta ce lafiya? Su can ba sa kashe kwamfuta, barci kawai take yi. Mu nan da ake ɗauke wuta ba sallama, kullum muna cikin ɗaga ta ke nan.

Amma fa ina sonta. Ba don gayu ba, don Safari, manhajar buɗe shafukan intanet ta Apple. Duk shafin da na gina, sai na bi Bashar ina roƙon aron iPhone ɗinsa kafin in ga yadda ya fito. Na buga lissafi da canjin yanzu, na ga kafin ta iso Birnin Kebbi ta haura miliyan. Na kife wayar.

Da safe Firefox ya sabunta kansa, Chrome kuma dama yana siga ta 130. Na buɗe shafin Alhaji mai injin casa a duka biyun, tsaf, kamar an goge da man shanu. Har da waƙa na sha koko.

Ƙarfe sha ɗaya sai ga kiran Malam Sani na ofishin Alhaji. "Injiniya, wanga abu naka ya watse."

Na hau kabu-kabu zuwa injin casa. Kun san ofishin nan: ƙurar shinkafa a kan komai, kwamfutar tebur ɗin tana lulluɓe da tsohon zane, idan an kunna ta tana gurnani kamar injin markaɗe. Ya juyo mini da fuskarta. Farashin buhu ya hau kan hoton buhu, maɓallan sun zube babu launi, lambar waya ta koma can ƙurya. Windows 7 ce. Chrome ɗin 109, wanda daga shi Google suka daina yi wa Windows 7 sabo tun farkon 2023. Ni kuwa makon jiya na sake rubuta CSS ɗin, wato dokokin da ke tsara kamannin shafi, da sabon salon nan na cusa doka cikin doka, wanda Chrome bai fara ganewa ba sai a 112. Uku kacal tsakani!

Na ce, "Malam, kwamfutar ce ta tsufa. A gaya wa Alhaji a canza ta."

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. "Mi ta yi? Wagga na'ura tun zuwana nan take, ko buhu ɗaya ba ta taɓa ɓatar mini ba. Makon jiya shafin yana buɗewa lafiya lau. Ita ta canza ko kai?"

Ba da faɗa ya yi maganar ba, har kunun zaƙi ya aika aka sayo mini. Na sha ne kawai, bai wuce mini wuya da daɗi ba. Babu wanda ya ce in taɓa CSS ɗin nan. Lafiyarsa ƙalau. Na ga abin yayi ne, hannuna ya yi ƙaiƙayi. Kuma ina zaune a wurin na tuna dillalan Jega da Argungu da ke duba farashi a Opera Mini, ko sau ɗaya ban gwada a can ba. Allah kaɗai Ya san abin da suke gani kwana bakwai ɗin nan.

Bayan azahar na warware komai, layi bayan layi, ina kallon batir yana sauka.

Tuwon shinkafa da miyar kuka. Bashar har yanzu bai dawo da caja ba.

Na aika wa Malam Sani saƙo cewa ya sake buɗewa. Shiru. Da la'asar yake kashe kwamfutar ya lulluɓe, sai gobe ke nan. Tambayar tasa ce ta hana ni barci, na sake jawo hoton Mac mini ɗin, data ta ƙare yana rabi.