Murza ƙwallo a bugun sabis: abin da koyar da fikilbol ya nuna mini

Duk wanda ya shigo ajin fikilbol a cibiyar wasannin da nake aiki a nan Amurka, da zarar ya iya tsallakar da ƙwallo raga, tambayarsa ɗaya ce: yaya ake murza sabis, wato bugun da ake fara wasa da shi, ƙwallo ta dira ta zille? Ko dai ya gani a YouTube, ko wani ya yi masa a fili ya sha kunya. Ni kuma da na taso da ƙwallon tebur, inda rabin wasa a sabis yake ƙarewa, na fahimci ƙishirwar. Sai dai aikin koyarwa ya nuna mini cewa wannan wasa ba a gina shi don a ci mutum da bugun farko ba, kuma wanda bai gane haka ba zai daɗe yana wahala.

Ga wanda bai taɓa ganin wasan ba, shi ne Amurkawa ke rubutawa pickleball. An ƙirƙiro shi a 1965 a tsibirin Bainbridge da ke jihar Washington, inda Joel Pritchard da Bill Bell da Barney McCallum suka haɗa shi don iyalansu. Filin ƙafa 44 ne a tsawo, 20 a faɗi, raga kuma inci 34 a tsakiya. Ƙwallon ta roba ce mai huji tsakanin 26 zuwa 40, nauyinta bai kai rabin na ƙwallon tanis ba. Abin bugun allo ne, babu zare a jikinsa. Kusa da raga, ta kowane ɓangare, akwai wani yanki mai ƙafa bakwai da ake kira kicin, wanda ba a tsayawa cikinsa a bugi ƙwallo a sama, kuma dole sabis ya tsallake shi har da layinsa.

Dokar sabis kanta ta ɗaure wa mai bugu hannu. Daga ƙasa ake ɗauko bugun, allo yana tafiya sama, a taɓa ƙwallo ƙasa da ƙugu, kan allo kuma bai haura wuyan hannu ba. Dama ɗaya tak ake da ita, babu sabis na biyu irin na tanis. Sannan ga dokar dira biyu: wanda aka aika wa sabis sai ya bari ta dira, mai sabis ma sai ya bari abin da aka mayar masa ya dira kafin ya buga. Ma'ana kai da abokinka kuna maƙale a layin baya, abokan karawa kuwa sun riga ku isa bakin kicin. Mai sabis shi ne a ƙasa, duk da cewa shi kaɗai ke iya samun maki.

Masu dabara ba su zauna ba. A 2021 Zane Navratil ya shahara da wani salo na murza ƙwallo tsakanin hannu da allo kafin ya sake ta, ta tashi tana juyi kamar me, ya doke ta. Hukumar USA Pickleball ta haramta hakan a dokokin 2022. Sai aka koma murzawa da yatsun hannu ɗaya, salon da aka san Morgan Evans da shi, shi ma aka rufe ƙofarsa a 2023. Yau ba a yarda ka sa wa ƙwallo juyi da hannu lokacin sakinta ba. Juyin da allo ya ba ta a wajen bugu kuwa halal ne. Ina gaya wa ɗalibai wannan tarihin tun a rana ta farko, domin ya nuna inda masu wasan suka sa gaba: suna son a yi ta musayar ƙwallo, ba a tsaya ana tsintarta a bayan fili ba.

To me murzawar take saya maka, tunda ba maki kai tsaye ba? Tana saya maka bugu na uku mai sauƙi, wato wanda za ka yi bayan an mayar maka da sabis. Idan sabis ya tura mutum baya, ko ya tilasta masa miƙa hannu gefe, abin da zai dawo maka gajere ne, ko kuma ya makara wajen isowa kicin. A nan ribar take. Shi ya sa zurfi ke gaba da juyi. Ƙwallo lami da ta dira taku ɗaya daga layin baya ta fi wadda aka murza ta faɗi tsakiyar fili, domin ita ta tsakiyar kyauta ce ka ba shi: zai taho da gudu, ya buga yana tafiya, ya tsinci kansa a bakin raga ba tare da ya yi gumi ba.

Cikin nau'o'in juyi, juyin gaba na fi koyarwa. Allo zai faro daga wajen gwiwa, ya shafi bayan ƙwallo yana hawa, ya ƙare sama da kafaɗa. Shafa ce mai sauri, kamar mai ƙyasta ashana, ba duka ba. Ƙwallon da ke juyawa gaba iska na danna ta ƙasa, abin da masana kimiyya ke dangantawa da Heinrich Gustav Magnus, Bajamushen da ya yi bayaninsa a 1852. Amfaninsa a fili shi ne kana iya ɗaga ƙwallo sosai sama da raga, da ƙarfi, kuma ta sunkuyo ta faɗa ciki. Wato juyin gaba kariya ce ga mai bugu kafin ya zama barazana ga mai karɓa. Yawancin sababbi da wuyan hannu suke neman sa, suna fizga. Sai in sa su sassauta riƙo, su durƙusa kaɗan, nauyin jiki ya tashi daga ƙafar baya zuwa ta gaba. Idan na ji ƙarar bugun ta sauya daga “ƙwas” mai kauri zuwa wata siririyar “shaf”, na san hannu ya fara ganewa, ko ban kalli inda ta dira ba.

Juyin gefe shi ne mai burge 'yan kallo. Mai amfani da hannun dama, idan ya shafi gefen ƙwallo na waje, za ta lanƙwasa zuwa hagunsa. Idan ya yanko daga waje zuwa cikin jikinsa, sai ta karkata dama, wato wajen bayan hannun abokin karawa mai dama irinsa. Yana aiki ƙwarai a kan wanda bai saba ba. Ɗan wasan da ya goge kuwa ba ƙwallo yake kallo ba, allonka yake kallo, kuma kafin a kai maki biyar ya karanta ka. Shi kuwa yankan ƙasa, mai sa ƙwallo juyin baya, da wuya a yi shi a sabis ɗin da ake buga ƙwallo kafin ta dira ba tare da karya doka ba, tunda dole allo ya hau. Mai son sa sai ya koma sakin ƙwallo ƙasa ta dira sannan ya buga, salon da aka fara gwadawa a 2021 aka tabbatar da shi a 2022. A wannan salon sharuɗɗan ƙugu da wuyan hannu ba sa aiki, sharaɗin kawai kada ka wurga ta, ka sake ta ta faɗi da kanta.

Wani abu kuma a wajen wata dattijuwa na gan shi ƙarara, cikin tsofaffin ma'aikatan da ke cika mana fili da safe. Wani matashi mai ƙarfin hannu yana aiko mata sabis mai tsananin juyin gaba. Ba ta ko motsa sosai. Sai ta kwantar da allo, ta yanko ƙwallon daga sama zuwa ƙasa, a hankali. Ƙwallon ta tafi tana shawagi har layin baya, ta dira ta kwanta, shi kuwa ya yi ta zuba ta a raga. Dalilin shi ne juyin gaban da ya aiko, idan aka juya alƙibla, shi ne daidai juyin baya na mai mayarwa. Ba sai ta ƙirƙiri komai ba, ƙarawa kawai ta yi a kan abin da ya kawo mata. Yanzu duk wanda na koya wa murza sabis, a ranar nake koya masa ɗaga yankakkiyar ƙwallo, domin ita zai fi gani.

Kayan aiki ma suna da bakin magana. Allon da fuskarsa ke da kaushi, irin na zaren kabon, ya fi kama ƙwallo, shi ya sa hukuma ta sa iyaka ga kaushin, tana kuma gwada alluna kafin ta amince da su a gasa. Kaushin yana cinyewa da amfani. Ɗalibi zai zo yana ƙorafin hannunsa ya lalace, in shafa allonsa da babban yatsa in ji tsakiyar ta yi sumul. Ƙwallon waje mai huji 40 ta fi tauri, tana kuma zillewa a fili fiye da ta cikin ɗaki. Ranar da iska ke kaɗawa ta gefe kuwa, ina hana ɗalibai juyin gefe gaba ɗaya, kada garin neman gira a rasa ido.

Gwajin da nake yi kafin in bar mutum ya fara murzawa ba shi da wuya. Ina shimfiɗa igiya ƙafa biyar daga layin baya, in ba shi ƙwallo goma. Idan takwas suka dira tsakanin igiya da layi, mu shiga juyin gaba. Idan ba su kai ba, ya koma ya ci gaba da bugun lami, ko da zai yi ta tsaki. Wanda ya wuce kuma, igiyar tana nan inda take, takwas ɗin ma suna nan, juyi kawai aka ƙara.