Bakin kare da taɓaryar Inna

Shekara biyu ke nan ina aiki a wani ɗan kamfani da ke yin gajerun katun na wayar da kai, irin na rigakafi da tsaftar ruwan sha. Aikina shi ne na can ƙasa: oga ya zana farkon motsi da ƙarshensa, ni kuma in cike zanukan tsakiya. Daƙiƙa ɗaya takan ci zane 12. Sai ka wuni a kan hannun yaro yana ɗaga kofi, ka tashi da ciwon wuya, ko sannu babu. Na raina aikin ƙwarai, har ranar da na karanta tarihin Hayao Miyazaki, shahararren mai shirya finafinan katun na ƙasar Japan.

Ashe shi ma a nan ya fara. An haife shi a Tokyo a 1941, ya karanta siyasa da tattalin arziki a jami'ar Gakushuin, a 1963 ya shiga kamfanin katun na Toei yana cike zanen tsakiya kamar ni. Bai ja ragamar dogon fim nasa ba sai 1979, bayan shekara 16. Kamfaninsu na katun, Studio Ghibli, kuwa sai 1985 suka kafa shi, da shi da Isao Takahata da Toshio Suzuki.

Wani labari nasa ne ya fi kama ni. Lokacin da ake aikin fim ɗinsa Spirited Away, wanda ya fito a 2001 ya kuma ci lambar yabon finafinai ta Oscar a 2003, akwai inda yarinyar fim ɗin take ɗura wa wani dodo mai jikin maciji magani a baki. Miyazaki ya ce wa matasan masu zanensa su yi shi kamar yadda ake buɗe bakin kare. Suka yi tsuru-tsuru, don babu wanda ya taɓa kiwon kare a cikinsu. Ƙarshenta sai asibitin dabbobi suka tafi da kyamara, suka ɗauko yadda dasashi da haƙora suke idan an ɓare bakin.

Na yi dariya da na karanta, ban san nawa na tafe ba. Aka ba ni wata mata tana daka, daƙiƙa shida. Na zana ta daga ka, taɓarya sama, taɓarya ƙasa, na kai gida a waya ina taƙama. Inna ta kalla sau biyu.

"Kai ɗan nan, wannan matar taka ba ta taɓa riƙe taɓarya ba. Ina ƙugunta? Haka za ta sandare kamar turke?"

Washegari na zauna a tsakar gida da takarda, ita da ƙanwata suna surfe. A gidan nan na tashi, amma ban taɓa lura cewa gwiwa ce ke fara saukowa kafin hannu ba, ko cewa taɓarya takan ɗan yi tsalle bayan ta bugi hatsi. Can sai Inna ta tsaya, ta tura gero daga gefen turmi zuwa tsakiya, ta share gumi da haɓar zane, sannan ta ci gaba.

Wannan tsayawar ita ce abin da Miyazaki ya bayyana wa ɗan jaridar Amurka Roger Ebert a 2002. Ya tafa hannu, ya ce shirun da ke tsakanin tafi da tafi shi ne "ma" a Japananci, kuma fim ɗin da babu shi hayaniya ce kawai. Na saka share gumin nan. Oga ya ce ɓata zane ne, muka ɗan ja, ya bar shi.

Ba komai na Miyazaki ne ya karɓe ni ba. Shi yakan fara fim bai gama rubuta labarin ba, yana zana fage-fage yana laluben ƙarshen. Na gwada haka a wani aikina na kaina, mako uku suka tafi a banza. Ɗabi'arsa ta sake zana aikin yaransa da hannunsa ma, in ni ake wa, ban san ko zan jure ba.

Yanzu an ba ni mai shayi yana shiƙa ruwan shayi daga kofi zuwa kofi. Kwana uku ina zama a teburin mai shayin bakin layinmu da ɗan littafina, har ya fara tambaya ko daga hukumar haraji aka turo ni.