Ruwan RO da kifin ado: abin da nake mayar wa ruwan

Na daɗe ina cika akwatin gilashin kifina da ruwan 'yan garuwa a gidanmu da ke Gwammaja, sai dai kowace jarka da irin ruwanta, tun da ba daga burtsatse ɗaya ake ɗebowa ba. Wannan ne ya sa na koma ga ruwan na'urar RO, wato na'urar tace ruwa da ke fitar da kusan duk abin da ya narke a cikinsa, ina zaton na huta. Ba a yi mako biyu ba ƙananan kifayen adona da ake kira gufi suka lafe a ƙasa, ba sa ko tasowa ga abinci, bawon dodon koɗin da ke ciki kuma ya soma fari yana zaizayewa daga tsini.

Na'urar ba ta bambance datti da abin amfani. Tana kwashe kalshiyam da magnesiyam, waɗanda su ne ake aunawa da sunan GH, tana kuma kwashe bikabonet, wato KH, wanda shi ke riƙe pH, ma'aunin tsamin ruwa, kada ya faɗi idan kashin kifi ya ƙara wa ruwa tsami. Jikin kifi ya fi ruwan da yake ciki gishiri, saboda haka a ruwan da babu komai, gishirin jikinsa yana ta zurarewa ta inda yake numfashi.

Yanzu ina mayar wa ruwan RO waɗannan ma'adinai, a bokiti kuma nake haɗin, ba a cikin akwatin ba. Giram 3 na bekin soda a lita 100 yana ɗaga KH da kimanin digiri 1. Domin GH kuwa ina amfani da garin ma'adinai mai suna Seachem Equilibrium, wanda giram 16 nasa a lita 80 ke ƙara kusan digiri 3, ba ya kuma taɓa KH. Gufi na son ruwa mai nauyi, wato mai yawan kalshiyam da magnesiyam, don haka nakan kai GH digiri 8 ko sama, in auna, in bar ruwan ya kwana, sannan in zuba sannu a hankali. Wani ɗan'uwa ya ba ni shawarar kanwa, amma na ƙi, domin ƙarfinta ya bambanta daga dunƙule zuwa dunƙule, kuma tana iya cilla pH sama farat ɗaya.

Lokacin hunturu ruwa yana ƙafewa da sauri a Kano, amma ma'adinan suna nan a akwati. Abin da ya ƙafe da zallan ruwan RO nake cike shi. Haɗaɗɗen na ranar canjin ruwa ne kawai.